Yadda za ka sa kayan gaggawa su bar Legas da safe su kwana a Kano

Daga Legas zuwa Kano jirgi ba ya wuce awa ɗaya da rabi a sama. Babbar mota kuwa, da za ta biyo ta Ibadan da Ilori, ta haye gadar Jebba, ta bi Mokwa har ta faɗo Kaduna da Zariya, tafiyar wajen kilomita 1,000 ce a gabanta, kuma in ta kwana biyu ko uku a hanya ba wanda zai yi mamaki. Wannan tazarar ce ke ruɗin mutane, su ɗauka da zarar an ce "a sako a jirgi" magana ta ƙare. Sana'ata ce kawo wa kamfanonin Sharada da Bompai da Challawa a Kano kayan gyara idan inji ya tsaya musu, kuma awa ɗaya da rabin nan ba ta cika ba ni ciwon kai ba. A ƙasa ake cin yinin ko a rasa shi: a kasuwar da aka sayi kayan, a cunkoson Oshodi, a kan sikeli, a bakin na'urar bincike.

Ka fara da tambayar da Alhaji mai kamfani ba ya son ji a lokacin da ransa ke ɓace: ranka ya daɗe, lallai sai yau? Akwai inda amsar e ce, ba ja. Kamfanin shinkafa ya jiƙa samfarera cike da tankuna, sai fanfon boila ya mutu, ko moton da ke juya fankar busarwa ya ƙone. Shinkafar da ta sha ruwa ba ta jiran kowa. In ta wuce lokacinta sai ta fara tsami da wari, launinta ya dushe, ba mai sayenta da daraja a Singa ko Dawanau. Ga kuma leburorin da ake biya kullum, waɗanda ranar da inji ya tsaya hannu rabbana za su koma gida, kuma ni su nake fara tunawa idan aka bugo mini waya da asuba. A irin wannan hali kuɗin jirgi ba komai ba ne. Haka takardun neman kwangila da za a rufe karɓa gobe da hantsi, ko samfurin riɗi da zoborodo da fata da mai saye ke jira ya gani kafin ya sa hannu, ko sinadarin gwajin asibiti da ya ƙare.

Amma kafin ka kashe ko sisi, kira injiniyan da zai ɗaura abin ka tambaye shi: "Malam, in ya iso ƙarfe tara na dare, a daren za ka ɗaura?" In ya ce sai da safe, to ba jigilar yini ɗaya kake bukata ba. Jirgin yamma ya ishe ka, har ma da na sassafen gobe, kuma kuɗin ya ragu sosai.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne cin mutane, shi ne tabbatar da cewa abin da za a sayo shi ne abin da ake nema. Sauri kan haifi nawa a nan fiye da ko'ina. Kada ka yarda da "irinsa ne, Oga" ta waya. Kowane moto da fanfo da giyabos yana da ɗan farantin ƙarfe a jikinsa mai ɗauke da lambobi. A goge masa maiƙo da tsumma, a ɗauki hotonsa da haske sosai, a tura wa mai sayarwa a WhatsApp, shi ma ya turo hoton farantin nasa. Ka jera su ka bi layi-layi: ƙarfinsa kilowat nawa, wutar da yake ci, mai layi uku ne ko ɗaya, juyi nawa yake yi a minti. Moto biyu kan zo da ƙarfi ɗaya, amma ɗaya yana juyi wajen 1,450 a minti, ɗayan wajen 2,900, kuma in ka kawo wanda ba shi ba, ka kawo ƙarfen banza. Sannan a yi kiran bidiyo, yaronka na Legas ya ɗora tef a kan sandar da ke juyawa da ramukan kusoshi, injiniya yana kallo daga Kano. Sai injiniya ya ce "shi ne" da bakinsa sannan a biya. Minti goma ne aikin.

Yanzu lissafin lokaci, kuma daga baya ake faro shi. Ka nemi jirgin farko da za ka iya kamawa, ka kuma san wanne ne ke bin bayansa. Dalilin son jirgin safe a fili yake: jirgi ɗaya ne ke yini yana kai da komo tsakanin Legas da Abuja da Kano da sauran garuruwa, duk jinkirin da ya samu a zangon farko yana tafe da shi har dare, yana ƙaruwa. Na safe in ya kuɓuce maka akwai na rana. Na ƙarshe in an soke shi, sai gobe. Sashen kaya na kamfanonin jirage galibi suna so kaya su iso hannunsu awa biyu zuwa uku kafin tashi, kuma kowanne da nasa ƙa'idar, saboda haka ka tambaya. In jirgi na ƙarfe ɗaya na rana ne, a wurina ƙarfe goma ya kamata kayan su kasance a kan sikeli.

Daga nan sai ka duba inda kayan suke a Legas, don garin ba ɗaya ba ne. Kasuwar Ladipo da ke Mushin kusa take da filin jirgi, haka kamfanonin Ikeja da Oregun da Ilupeja. Amma Alaba da ke Ojo, ko Idumota a cikin tsibiri, ko Apapa, nan kam sai ka ƙara awa biyu a lissafinka, ko fiye in an yi ruwa. Ka kuma gaya wa direba ainihin inda zai je. Jiragen cikin gida a Ikeja daga tashoshi biyu suke tashi, MMA2 da tsohuwar tashar da ake kira GAT, ga kuma ɓangaren jiragen ƙasashen waje can daban. Direban da aka ce masa "kai iyafot" kawai zai iya ɓata rabin awa yana zagaye, kuma rabin awar nan ita ce duka jarinka.

Tun kayan suna shago ka sa a auna su, nauyi da girma duka, ka bugo wa sashen kaya ka karanta musu. Jiragen da ke zirga-zirga tsakanin garuruwanmu na fasinja ne, irin su Boeing 737 da Embraer, kayanka a rumbun ƙasa za su shiga tare da jakunkunan matafiya, kuma da hannu ake loda su. Ƙofar rumbun 737 faɗinta wajen santimita 120 ne, tsayinta wajen 90, rumbun ƙananan jirage masu kujeru 50 kuwa bai kai ko kusa da na 737 ɗin ba. Abin da ya fi ƙofa girma, ko ya fi ƙarfin mutum biyu zuwa uku su ɗaga, ba roƙon da zai shigar da shi. In ana iya kwance shi gida biyu, a kwance tun a shago. Na sha raba fanfo da motonsa a akwati biyu, injiniya ya haɗa a Kano.

Kuɗin kuma ba nauyin sikeli kaɗai ake bi ba. Jirgi wuri yake sayarwa, shi ya sa ake da lissafin girma: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 6,000. Kwalin da ke da 60 da 50 da 40 ya ba da 120,000, in ka raba ya zama kilo 20. Ko da sikeli ya nuna kilo 12, kuɗin kilo 20 za ka biya, don wanda ya fi yawa ake ɗauka. Kamfanonin aika saƙo da dama da 5,000 suke rabawa, kwalin nan ya koma kilo 24 a wurinsu. Saboda haka kada mai shago ya jefa maka ƙaramin abu cikin ƙaton kwali don shi ne a kusa da hannunsa. Sannan ka ce a faɗa maka jimillar kuɗi gaba ɗaya, har da na bincike da na masu lodi da ladan ejan, kafin a ɗora kaya a sikeli. Ciniki bayan an karɓi kaya ba ciniki ba ne.

Sai maganar da nake so a saurare ni da kyau a kanta, ta abubuwan da ba sa hawa jirgi, ko ba sa hawa sai da takardu da ƙunshi na musamman. Fenti, tina, gam mai ƙarfi, turare mai sinadarin da ke kama wuta, gwangwanin feshi, tukunyar gas ko da an ce babu komai a ciki, abin kashe gobara, batirin mota da na inbata mai ruwan asid. Janareto ko fanfon dizal da aka taɓa amfani da shi, in ba a tsiyaye shi an wanke ba, ɗan man da ya rage a ciki da warinsa sun isa a dawo da shi. Manyan lasifika da wasu injina masu maganaɗisu mai ƙarfi su ma sai an duba su, don suna iya taɓa na'urorin jirgi. Batirin litiyam kuwa, irin na waya da kwamfuta da sola, tun watan Afrilun 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana a ɗauke shi zalla a matsayin kaya cikin jirgin fasinja. Wanda ke cikin na'urarsa yana da nasa sharuɗɗan, su ma sai an bayyana.

Za ka haɗu da wanda zai ce maka, "Oga, rubuta kayan gyara kawai, zan wuce da shi." Kada ka yarda. A watan Satumban 2010 wani jirgin kaya Boeing 747 ya tashi daga Dubai, wuta ta kama a cikin kayan da ke ɗauke da batura masu yawa na litiyam, hayaƙi ya cika wurin matuƙa har ba sa ganin na'urorinsu, jirgin ya faɗi, matuƙan biyu suka mutu. Wancan jirgin kaya ne. Wanda za ka saka naka kayan a ciki, mutum fiye da ɗari ne zaune a samansa, da mata da yara, wataƙila har da ɗan unguwarku. Ba shinkafar da ta kai wannan. In kayanka na cikin waɗannan ne, ka faɗi gaskiya, in an ce ba sa hawa, ka sa su a mota.

Ƙunshi ba ya son dogon bayani. Ƙarfe mai nauyi a akwatin katako, a ɗaure shi da kusoshi a gindin akwatin yadda ba zai yi motsi ba. Allon lantarki na inji, wanda ɗan tsatsa ko danshi ke kashewa, a bar shi cikin ledarsa ta asali, a naɗe da soso, a sa a kwali, a sake sa kwalin cikin wani. Da damina a lulluɓe komai da leda, don kaya kan tsaya a fili gefen jirgi ana ruwa. A rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa da KANO da manyan baƙaƙe a gefe biyu aƙalla. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: kada a buga murfin akwati da ƙusa tun daga kasuwa. Jami'an tsaron filin jirgi za su wuce da shi ta na'ura, kuma dunƙulen ƙarfe baƙi ƙirin yake fitowa a allonsu, sai su ce a buɗe. Jami'an NDLEA su ma suna da ikon dubawa. Yaronka ya tafi da guduma da ƙusoshi da salatif a jaka, a buɗe, a duba, ya rufe a gabansu. Ya kuma riƙe rasit ɗin sayen kayan da katin shaidarsa. In magani ne ko sinadarin asibiti, takardun NAFDAC su kasance a hannu, in kuma mai son sanyi ne, a faɗa tun a waya irin ƙanƙarar da ke ciki, don busasshiyar ƙanƙara, wadda ake kira dry ice, ita ma sai an bayyana ta.

Idan an karɓa za a ba da takardar webil, wato shaidar cewa kamfanin jirgi ya karɓi kayan. A ɗauki hotonta nan take a turo. Ka duba abu huɗu a jikinta: lambarta, lambar jirgin da aka ce kayan za su bi, adadin ƙunshi, da sunan mai karɓa. Sunan nan ya zama daidai da wanda ke jikin katin shaidar mutumin da zai je ɗauka. In an rubuta sunan Alhaji alhali direbansa ne zai je, za a tsaya ana buge-bugen waya har a tashi daga aiki.

Daga nan ne mutane ke sakin jiki, kuma nan ne ni nake ƙara ɗaura ɗamara. "An karɓa" daban, "an loda" daban, "ya tashi" daban. Jakunkunan fasinja su ne a gaba, kayan 'yan kasuwa sai in wuri da nauyi sun rage. Lokacin Umara da aikin Hajji, da jajiberin Sallah, da ƙarshen Disamba, jirage cike suke tashi, kuma akwatinka mai kilo 70 shi ne farkon abin da za a ajiye. Ba wanda zai kira ka ya gaya maka. Saboda haka yaronka ko ejan ɗinka ba ya barin filin jirgi sai jirgi ya ɗaga, kuma sai ya ji daga bakin masu lodi cewa akwatin ya shiga. A manyan filayenmu kamfanonin NAHCO da SAHCO ne ke yi wa jirage da yawa wannan aikin. Ejan na kirki ya san mutanen da ke bakin aiki a ranar, ya san wa zai tambaya. Irin wannan ejan in ka samu, ka riƙe shi da kyau, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, ka gaishe shi ko ranar da ba ka da kaya. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa yana "kawo, kawo, Alhaji", ba ka san ofishinsa ba, ba ka san wanda ya san shi ba, ka bar shi inda ka gan shi.

In abin ƙarami ne kuma mai tsada, ni shawarata ita ce ta mutanen da: zuwa da kai ya fi aike. Ka saya wa yaronka tikiti ya taho da shi. Jakar fasinja ita ke da fifiko, ba ta bi ta sashen kaya, kuma yana sauka yana fitowa da ita. Yawancin tikitin cikin gida na ba da wajen kilo 20 a rumbu, abin da ya ɗara a biya, sai dai ƙunshi ɗaya ba ya wuce kilo 32. Dokar abubuwa masu haɗari tana nan yadda take, ba ta sauya don mutum ya riƙo su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsaya a layi ana roƙon baƙon fasinja ya tafi da saƙo, ko kai ka karɓi na wani. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, kan jakar ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, sai a 2019 aka sako ta bayan bincike ya wanke ta.

A ɓangaren Kano, mai ɗauka ya isa filin jirgin Malam Aminu Kano kafin jirgi ya sauka, da katinsa, da hoton webil, da motar da ta dace da kayan. Akwatin katako mai kilo 80 ba na bayan babur ba ne. Bompai kusa take, Sharada da Challawa kuwa sai an ratsa gari, a lissafa da cunkoson yamma. Kafin ya sa hannu ya zagaya akwatin ya duba. In ya ga fashewa ko alamar jiƙa, ya ɗauki hoto a wurin, ya sa a rubuta a takardar kafin ya fita da shi.

Wannan rubutun yana da amfani, amma kada ka sa rai da yawa a kan diyya. Kamfanin jirgi da kilo yake biya, ba da darajar kaya ba. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ake bi a jigilar ƙasa da ƙasa, iyakar abin da za a ba ka tun daga ƙarshen 2024 bai wuce kimanin dala 35 a kowane kilo ba, kuma ƙorafin lalacewa sai an shigar da shi a rubuce cikin kwana 14. A cikin gida ma ƙa'idar kilo ake bi. Allon lantarki mai kilo biyu da ka saya da miliyoyin naira, ka lissafa da kanka abin da zai dawo maka. In kayan masu daraja ne, ka bayyana darajarsu a webil ka biya ƙarin da za a nema, ko ka yi musu inshora.

Akwai abin da ya fi ƙarfin kowa, wato yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe Kano har jirgi ya kasa sauka, a jinkirta ko a soke, wani lokaci a juya da shi Abuja. Da damina kuma hadarin yamma ne ke riƙe jirage. A irin waɗannan ranaku ina duba hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet tun da dare, in kuma leƙa waje da asuba: in fitilun titi sun yi dishi-dishi a nesa kaɗan, na san ranar sai da dabara ta biyu. Dabarar ita ce Abuja, don jiragen Legas zuwa can sun fi yawa nesa ba kusa ba. A sauke kaya a can da hantsi, mota ta ɗauko ta Kaduna da Zariya, tafiyar fiye da kilomita 400. Sharaɗina ɗaya ne, direba ya taso da rana tsaka yadda zai shigo da sauran haske. Ba na sa ɗan mutane a wannan hanya da dare saboda ƙarfe. In kuma kayan za su wuce wani gari ne mai ƙaramin fili, ka tuna filaye da dama a ƙasar nan ba sa karɓar jirgi bayan faɗuwar rana.

Wanda kayansa ke Guangzhou ko Dubai ko Jamus kuma, ya cire yini ɗaya daga ransa. Ko jirgin ya iso a kwana ɗaya, akwai kwastan, akwai Form M, wato takardar shigo da kaya daga waje, da sauran takardu, kuma su ba sa sauri don injinka ya tsaya. Abin da ke hannunka shi ne ka sa mai fito da kaya daga kwastan ya fara aikin takardu tun kayan ba su taso ba.

Ka kuma dubi ranar mako kafin ka yi wa kowa alkawari. Ranar Alhamis da safe kasuwannin Legas na rufe don shara har wajen ƙarfe goma, jirgin safe ya wuce ka ke nan sai dai in an sayi kayan tun Laraba da yamma. Ranar Lahadi yawancin shagunan kayan gyara a can ba sa buɗewa. Ranar Juma'a kuma, in jirgi zai sauka Kano tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu da rabi, ka gaya wa injiniya ya sa ran kayan bayan an sauko daga masallaci.